Ranar da Na Hana a Ce Malam

Kamfaninmu ƙarami ne, ɗaki biyu a Gusau, mu shida. Aikinmu haɗa manoma da masu sayen hatsi ta waya. Ni ne shugaba, kuma a lokacin na cika kaina da karance-karancen intanet kan tafiyar da sabon kamfani. Wata Litinin na tara ma'aikata na kafa doka: daga yau babu Malam, babu Alhaji, babu ranka ya daɗe. A kira kowa da sunansa, wai don kowa ya saki jiki ya faɗi ra'ayinsa. Har tafi aka yi mini. Kai, wauta!

A cikinmu akwai dattijo ɗaya, tsohon malamin gona daga Bungudu, sa'an mahaifina. Albarkacinsa ake sauraronmu a ƙauye. In ya ce wa manomi, “Ba su lambarka,” magana ta ƙare. Da na faɗi dokar, hularsa kawai ya gyara. Ni kuwa na ɗauka ya yarda.

Ranar kasuwar Bilbis muka je yi wa manoma rajista. Yana zaune cikin dattawa ana gaisawa, sai mai kula da kwamfutarmu, wadda a shekaru ya yi jika da ita, ta ɗaga murya ta kira sunansa gatsau, ta ce ya miƙo takardu. Ya tashi ya miƙa mata. Ba laifinta ba ne, dokata ta bi.

Bai sake zuwa ofis ba. Wallahi har haushinsa na ji, ina cewa tsoho ya kasa tafiya da zamani. Sai da manoma suka daina ɗaga wayarmu na kama hanyar Bungudu da bakina cike da ban haƙuri.

Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo fura. Na ce na soke dokar, ya dawo don Allah.

“Ɗana, ni na yafe tun a Bilbis,” in ji shi. “Amma shekara talatin mutanen nan suna ce mini Malam, shi ya sa suke jin maganata. A gabansu aka tuɓe mini shi. In na dawo, da mi zan yi muku aiki?”

Har yau ina jin kunyar wannan tambaya. Ya rako ni har bakin mota, yana ce mini ranka ya daɗe.