Kujerar Dela da Ɗorawoyin Bayan Dutse

Bayan maza huɗu aka haife ta, shi ya sa ake ce mata Dela, kuma kamar tun ranar suna aka ƙaddara mata cewa duk inda maza suka taru ita za ta cike gurbin mace. A wani ƙauye kusa da Roni ta tashi, a hannun kakarta Uwa, wadda ba ta bar mata gadon komai ba sai ƙugiyar kaɗo ɗorawa da sana'ar daddawa. Da bazara ta kama, matan garin kan yi ayari zuwa bayan dutse, inda tsofaffin ɗorawoyi suke tsaye tun ba a haifi kakar kowa ba. A kaɗo, a ɓare, a fitar da kalwa, a dafa, a surfa, a rufe ta ta yi wari, sannan a kirɓa. Da wannan Dela ta yi kayan ɗakinta, da shi take ɗinka wa 'ya'yanta kayan salla, kuma duk gidan mijinta ba a san miya ba sai da daddawarta.

Mijin nata, Sama'ilu, ɗan acaɓa ne mai sanyin hali. Uban mijin kuwa, Alhaji Maikasuwa, shi ne ciyaman na kwamitin yaƙi da hamada na garin. Dela mace ce mai alkunya irin ta da. Ba ta taɓa kallon idon surukinta ba, ba ta ci ko sha a gabansa, ba ta magana inda yake in ban da gaisuwa a durƙushe. Ko kalmar kasuwa ba ta faɗa, sai dai ta ce za ta aika wajen ciniki. Mutanen gari suna yabonta a kan haka, ita ma, gaskiya, tana jin daɗin yabon.

Wata rana Malam Ukasha, sakataren kwamitin, ya dawo daga taro a Kazaure da labari. Ya ce ashe akwai masu auna ƙasashen duniya kamar yadda ake auna gero a kwano. Suna duba mata nawa ne cikin masu yanke shawara a kan daji da ruwa da itace, su ba kowace ƙasa maki. Ƙasar da ba mata sai ta koma ƙarshen layi, tallafi kuwa ba ya kaiwa ƙarshen layi. Don haka an ce kowane kwamiti ya nemo mace.

Wani ya ce a sa Fatu mai ƙosai, sauran suka yi masa caa, don Fatu in ta buɗe baki har liman sai ya nemi hanya. Alhaji Maikasuwa ya shafa gemu ya ce, "A sa matar Sama'ilu." Sai dariya ta ɓarke, ana cewa lallai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Haka Dela ta shiga harkar muhalli. Ranar taro sai ta zauna a gefen tabarma, ta ɗan juya baya, ta ƙulle lemo da biskit ɗinta a bakin mayafi ta kai wa yara. In an zo hoto a jawo ta tsakiya. Da aka kafa kwamitin rijiya aka sa ta, da aka kafa na hana ƙona gawayi aka sa ta. Matar Ukasha ke ara mata hijabi kala-kala, don kada masu aunawa su gane mace ɗaya ce. A can sama an ƙirga mata uku, an kuma yaba wa garin.

Sai masu awon suka sake kwano. Yanzu ba zama kawai ake so ba, shugabanci ake ƙirgawa. Alhaji bai ko yi gardama ba, ya sauka ya ba surukarsa kujera. Matsalar ita ce Dela ba za ta hau kujera surukinta yana kan benci ba, ko za a yanka ta. Sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar kujerar, a ɗora kwalin lemo a kai don kada ta zauna wayam. Lokacin hoto Alhaji kan zagaya bayan katanga ya ba ta wuri, ta ɗosana, a ɗauka, ta sauko.

A shekarar ne aka kawo aikin shuka itatuwa. Ana son fili fetal a jera bishiyar turare layi-layi yadda za ta ƙirgu. Filin da ba na kowa ba shi ne bayan dutse. Ukasha ya yi bayani cewa tsofaffin ɗorawoyin nan ba sa shiga lissafi, tunda ba aikin ne ya shuka su ba, kuma inuwarsu za ta kashe dashen. Sai an kawar da su. Dela tana zaune a ƙasa, duk a kunnenta aka yi. An ce za a tsayar da shawara ranar da baƙuwa za ta zo daga birni.

Dela ta sami mijinta da maganar. Sama'ilu ya sosa ƙeya ya ce, "Haba Dela, ni in ja da Baba? Kuma ni aka ba jigilar dashen a babur." Fatu ta zo mata har gida da mata biyar a bayanta, ta ce, "Ke ce shugaba ko ba ke ba ce? In aka sare ɗorawar nan, uwar me za mu kirɓa? Baki dai Allah ya ba ki." Dela ta yi alkawari. Tana surfe tana bitar maganar, tana tankaɗe tana bita, har ta zauna mata daram a ka. Magana ce gajera: a shuka a gabas da dutse, a bar ɗorawa.

Baƙuwar, Hajiya Lubna, mace ce mai fara'a, daga ƙungiyar masu awon. Ta ji daɗin ganin mace shugaba, ko da yake ta ɗan yi mamakin kwalin lemon. Bayan Ukasha ya gama bayani, ta juyo ta ce, "Shugaba, kina da abin cewa?"

Dela ta ɗago kai. Ta buɗe baki. Daidai nan Alhaji Maikasuwa ya yi gyaran murya. Allah ya sani ba da wata manufa ya yi ba, goro ne ya sarƙe shi. Amma muryar surukinta ce, kuma shekara da shekaru jikinta ya saba da abin da yake yi in ya ji ta. Kanta ya koma ƙasa da kansa, maganar ta koma inda ta fito. Ta ji haushin kanta kamar ta fasa ihu. Alhaji ya ce, "Ai shirun mace yarda ne, Hajiya." Aka tafa.

Kafin ta shiga mota Hajiya Lubna ta ja Dela gefe, don kada a ce ba ta san aikinta ba. "Ke ce shugaba da gaske?" Dela ta ce i. "Kina zuwa taro?" Ba ta taɓa fashi ba. "Akwai wanda ya taɓa hana ki magana?" Dela ta yi tunani, ba ta son ƙarya, ta ce babu. Sannan ta yi ta maza ta ce, "Sai dai maganar ɗorawar nan, Hajiya, da za a bar mana ita."

"Ayya, 'yar'uwa," in ji Hajiya Lubna cikin tausayi, "wannan na masu gandun daji ne. Mu mata muke aunawa." Direba ya matsa hon, ana jiransu a Gwiwa.

Kafin damina aka kwantar da ɗorawoyin. Wanda aka ba kwangilar ya mayar da su gawayi, kwamitin hana ƙona gawayi bai zauna ba a watan. Aka jera turare, aka kafa allo a bakin hanya da sunan Dela ɓaro-ɓaro a matsayin shugaba. Fatu ta daina amsa gaisuwarta. Ukasha kuwa ya dawo daga Kazaure yana washe baki, wai an ce makinsu ya hau, har ana ba da misali da garin.

Kalwar da ta rage a tukunya ta ƙare bayan salla. Ranar Dela ta kaɗa miyar kuka da gishiri da barkono kawai, ta zuba a kwanon Alhaji, ta rufe da faifai kamar kullum. Ba a jima ba Sama'ilu ya shigo da kwanon, an ɗan taɓa an bari.

"Baba ya ce a tambaye ki, yau ina daddawa? Wai miyar salam."

Dela ta karɓi kwanon.

"Ka gaishe shi," ta ce. "Ka ce masa shugaba ce ta yarda."