Rumbun Ordinater na Madawa

Alƙasim ɗan garin Galma ne. An kai shi lakwal, makarantar boko, don shi aka samu a ƙofar gida ranar da aka zo ɗaukar yara. Karatu ya kai shi Yamai, ya kai shi Gabon, ya dawo a 1986 da sanin ordinater, wato na'urar kwamfuta. Wani furoje, shirin raya ƙasa na tare ruwan kwari, a Madawa ya ɗauke shi, don an ba su na'urar kyauta kuma babu mai iya kunna ta.

A shekara ta biyu ƙyanda ta ɗauke 'yarsa A'i. Matarsa Kadijatu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dai ce ba za ta bar garin da aka binne yarinyar ba.

Ana nan na'urar ta fara ƙarya. Hamani, mai awon ƙasa, ya nemi tsayin wani bango, ta ba shi wanda ya wuce hasumiyar masallaci. Direkte, shugaban furojen, ya ce zafi ne, aka sayo fanka. Ya ce gurup ne, injin ba da wuta, aka canja gurup. Daga ƙarshe ya ce in damina ta zo ba a gyara ba, a mai da na'urar Yamai, mai kula da ita ya bi ta.

Alƙasim bai faɗa wa Kadijatu ba. Ya zauna ya sa wa na'urar ido, har ya lura ba ta ɓata lissafi sai bayan azahar.

"Ai na gaya muku," in ji Mati, tsohon mai gadi. "Kun tahi salla kun bar ta tana aiki. Mi kuke so ta yi?"

"Baba Mati, ba ta da alwala," in ji Alƙasim.

"Shi ne hwa."

A biro ɗin, ofishin furojen, an saba tafiya masallaci tare. Da an kira salla, Hamani da sakatare kowa sai ya danna aikinsa mai tsawo, don ya gama kafin su dawo. Ayyukan biyu sai su cika wa na'urar ƙwaƙwalwa a lokaci ɗaya. In ta cika, takan kwashe wani abu ta ajiye a faifai, kamar mai kai damman hatsi rumbu, ta ɗauko in ana bukata.

Alƙasim ya bi rubutun tsarin na'urar layi-layi, kwana da kwanaki, har ya ga wurin. Tana sanar da cewa gurbi a faifan ya zama fanko tun ba ta gama kwashe abin da ke ciki ba. Aiki na biyu ya zuba nasa a kai, na farko ya ɗauko gauraye. Ya ɗauki layin sanarwar ya mai da shi ƙasan layin kwashewa. Gyaran ke nan.

Aka danna ayyukan biyu, aka tafi salla, aka dawo. Bangon ya fito daidai ƙirjin mutum. Direkte ya yaba wa sabon gurup.

Da yamma ya sami Kadijatu tana tankaɗe, ya ba ta labarin duka, har da batun Yamai.

"Yanzu muna nan ke nan?"

"Muna nan."

Ta ci gaba da tankaɗenta.

"To ka nemo magini," ta ce. "Rufin madahi na yoyo tun bara."