Zoben da ya fito daga sharata

A lokacin ina da rumfa a bayan kasuwar tattasai ta Diffa, ina farfasa matattun rediyo da fanka da tsofaffin salula. Jan ƙarfe kawai nake nema. In fasa ɗan injin, in warware wayar, sauran tarkacen in watsa bayan rumfa.

Sai wani mutumin Damasak da rikici ya koro ya kafa buhunansa kusa da ni. Dogo ne, ba ya son magana, Hausarsa duk Barbarci. Wata rana ya ce, "Maƙwabci, ka bar mini abin da kake zubarwa?"

Na ce, "Kwashe mana! Ka rage mini shara."

Wuni yake a tsugune da hantsaki, yana tsinto wasu ƙwayoyi farare daga bakin 'yan ƙarafan da ke cikin injin, ko ƙwayar gero ta fi su girma. Yana tarawa a kwalbar turare. Na sha yi masa tsiya, ina cewa kaza ma ta fi shi samu.

Ashe azurfa ce. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ya kai kwalbar wajen maƙerin farfaru. Ranar sunan ɗansu, mai ɗakina ta dawo tana ba ni labarin zoben da ta gani a hannun mai jego. Ba ta ce in yi mata ba, da ta faɗa ma da sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam, mutumin nan yana da haƙuri." Wallahi tuwon ranar bai wuce mini ba.

Na hana shi sharar. Na sayi hantsaki, na tsuguna kamar shi, amma ina! Yatsuna sun saba da guduma, abin da na tsinto sai ya faɗa cikin rairayi. Shi kuwa ko a fuska, kullum sai ya gaishe ni.

Ana gobe za su koma ƙauyen Asaga wajen danginsu, matarsa ta shigo gidana da ɗan ƙulli. Ta ce wa mai ɗakina, "Yaya, ya ce a ba ki. Zobe biyu aka ƙera, ai daga rumfarku azurfar ta fito."

Kyautar bankwana ba a mayarwa, ni ma na sani. Mai ɗakina ta zura zoben a gabana, ya zauna daram. Har yau yana hannunta na dama, hannun da take miƙo mini abinci da shi.