Gwaggo Tabawa da Malamin Ƙidaya

Ku da kuka san Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina mai sayar da tuwo a bakin tashar Kontagora, kun san ba ta taɓa barin baƙo ya wuce bai zauna ba. Tun da aka gyara hanyar mota daga Zungeru garin ya fara cika, ita kuma ta ɗaura ɗamarar gaida kowa da yarensa. Matsalar ɗaya ce: kullum sai ta sauya wa mutum yare.

Wata rana wani Bakambare daga Salka ya sauke buhun dawa, ta rangaɗa masa gaisuwar Nufanci. Ya ce, "Gwaggo, ni fa Bakambare ne." Ta ce, "Yo ai Kambarancin ke nan! Ka daɗe a kasuwa, ka manta abinku. Zauna ka ci."

Arzikin gari kuwa, a ƙashin miya take duba shi. In mutane suka tashi, sai ta bi kwanuka tana leƙawa. Shekarar da gyaɗa ta yi daraja ta ɗaga wani ƙashi ta yi salati. "Jama'a, bana an samu! Ga Ɗantani ya bar ɓargo!" Ɗantani dillali, mutumin da a da har ƙashin yake taunewa. Ƙashin kuma ba ta yar ba, ta mayar da shi tukunya.

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ranar ƙidaya. Jita-jita ta cika gari wai Bature ya ce duk wanda ba a haifa a nan ba za a mayar da shi garinsu. A zauren Gwaggo kuwa akwai tela Bayarabe da matarsa mai tsohon ciki, da wani Ibo mai gyaran keke, da Badakkare mai dako. Telan har ya ɗaure keken ɗinkinsa a buhu, matar tana ta kuka. Ni ma ina nan tare da su.

Malamin ƙidaya ya iso da ɗan doka a bayansa. Gwaggo ta tsaya a ƙofa, muciya a hannu.

"Su wane ne waɗannan?"

"'Ya'yana ne. Duka."

"Har wannan mai tsaga a kumatu?"

"Kyanwa ce ta yakushe shi yana jariri."

"Wancan fa, da ko Hausa ba ya ji?"

"Miskili ne. Ubansa ya gado."

Ɗan doka ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Malam ya share hawayen dariya ya ce, "Haba Gwaggo, wa ya ce za a kori wani? Yawan mutanen gari ake so a sani, da sana'ar kowa. Shi ke nan."

Wallahi sai da muka ji kamar an sauke mana dutse daga ƙirji. Matar tela ta zube a tabarma tana godiya da Yarbanci. Gwaggo ta ajiye muciya, ta nuna Badakkaren ta ce, "To in haka ne, wancan ba nawa ba ne. Ya cika ci."

Ranar da ta rasu, Badakkaren nan shi ya haƙa kabarin, ya hana kowa karɓar fartanya. Masu zuwa coci da masu gargajiya suka tsaya daga gefe har aka sallace ta. Allah Ya ji ƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa can ma ta tarar da masu yi mata maraba. Amin.