Wasiƙar da Ta Sare Durumi

A shekarar da aka sauya takardun kuɗi, mutane suna wuni a layin banki a Birnin Kudu, a shekarar ne na gama ajin farko na yaƙi da jahilci. Ina da shekara arba'in da bakwai. Hannuna ya fara sabawa da biro, ina ta neman abin da zan rubuta.

A ƙofar gidanmu a Kiyako akwai wani durumi da ya girme ni. A gindinsa dattawan unguwa suke ciyayya: bayan azahar a fito wa kowa da kwanonsa, a haɗa a ci tare. Su bakwai ne, har da Baba, ƙanin mahaifina. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk suna Kano, maiɗakina ce ke dafa masa. In aka kai masa abinci ɗaki, yadda aka kai haka ake ɗauko shi. A gindin durumi kuwa har suɗi yake yi. Akwai taubashinsa, wani tsoho ɗan Maruta da ke zaune wurin 'yarsa a unguwarmu. Kullum sai sun yi dara, kullum sai sun yi faɗa.

"Kai dai ɓarawon dara ne tun muna yara," in ji Baba.

"Ɓarawo? Ido ne ba ka da shi, tsohon banza. Matsa in cinye ka."

Rannan wasu mutane suka zo a mota, suka ce daga wata ƙungiyar kula da tsofaffi suke. Za su gina wa dattawa zaure mai fanka da kujeru, amma sai an rubuta takardar nema, an kuma ba su fili. Babu fili sai gindin durumi. Baba ya ce shi inuwarsa ta ishe shi. Ni ne na yi kwana uku ina lallashinsa.

"Baba, da damina fa? Ruwa na zuwa sai ku watse."

Daga ƙarshe ya ce, "Kai ne mai karatu yanzu. Yi yadda ka gani."

Sau huɗu na rubuta takardar kafin ta fita tsaf. Ita ce wasiƙata ta farko. Su bakwai suka dangwala yatsa a ƙasanta.

Cikin wuni ɗaya aka sare durumin. Mutanen suka dawo, suka jera dattawan a rana, kowa riƙe da bulo, aka ɗauki hoto. Aka haƙa harsashi, aka sa bulo layi biyu. Tun daga ranar ban sake ganinsu ba. Sau biyar ina zuwa Birnin Kudu. Ofishin da suka kwatanta mini, shagon ɗinki na tarar. Lambar wayarsu kuma ba ta shiga.

Dattawan sun gwada zama a jikin katanga, amma kafin a buɗe kwano rana ta kore su. Na kafa musu rumfar kara a kan harsashin, iskar ruwan farko ta ɗauke ta. Sannu a hankali kowa ya koma ci a gidansa. Taubashin ya ce in zaman ɗaki ne gara ya yi shi a garinsu, aka mayar da shi Maruta, can ƙasar Gwaram.

Baba bai taɓa yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Sai dai wata rana da na kai masa tuwo da kaina ya ce, "Ajiye can, malam mai wasiƙa," ya juya fuskarsa bango. Na dasa wani durumin a gefe, ina ba shi ruwa. Bai kai ƙuguna ba tukuna.

Ga abin da ya tafi. Durumi ɗaya. Kwano bakwai da ba su sake haɗuwa ba. Gurabun dara talatin da siminti ya rufe. Dattawa uku da suka rasu a ɗakunansu, na ukunsu Baba.