Geron Inna Kyauta da Manhajar da Ta Ƙaryata Shi

Duk Barkiya an san Inna Kyauta da gora uku da take ratayewa a madafa, inda hayaƙi ke bugunsu. Irin gero ne a ciki, gauraye da toka. Shekara hamsin tana shiga gona kafin a yi girbi, ta zaɓi zangarniyar da ta riga sauran nuna, ta ɗaure daban. Geron nata kwana saba'in yake yi. Kuma duk 'yar da ta aurar sai ta auna mata tafi biyu, ta ce, "Kada ki haɗa shi da na kowa."

Damina biyu ke nan ba a shiga gonar daji ba saboda rashin tsaro. Gora biyu suka ƙare a tukunya. Saura ɗaya, kuma iri in ya daɗe ba ya tsira.

Jikarta Hafiza, wadda ta gama jami'a a Dutsin-Ma take taya wani ɗakin bincike aiki, ita ta kai samfurin geron. In aka tabbatar daban yake, za a sa shi a rumbun adana iri. Sakamako ya fito: wai geron kasuwa ne. Ran Juma'a za a rufe jerin irin da za a karɓa a rumbun.

Hafiza ta kwana biyu tana bincike kafin ta gano inda matsalar take. Injin ɗakin binciken yana karanta DNA, wato bayanan halittar geron, harafi-harafi, yana ba kowane harafi maki gwargwadon yadda ya amince da karatunsa. Sai wata manhaja ta sake gyara makin. Duk harafin da ya saɓa wa geron da ake gwadawa da shi, in ba ya cikin jerin bambancin da aka sani, sai ta ɗauka injin ne ya yi kuskure, ta zabge maki. Jerin bambancin kuwa babu geron Katsina ko ɗaya a ciki. Da haka bambancin geron Inna ya ɓace, ya fito kamar na kasuwa.

Ta hau mota zuwa Kurfi, ta hau mashin zuwa Barkiya, ta zauna a tabarma tana yi wa Inna bayani.

"To, ke ja'ira," in ji Inna, "injin naku ya ce ƙarya nake?"

"Ba haka ba ne, Inna. Shaida ɗaya ya samu. Da ina da wani samfurin..."

"Shaida? Boko dai ya cinye miki kai. Fatu ba ta Birchi? Rekiya ba ta Tamawa? Uwarki fa? Me kike zato na ba su?"

Hafiza ta miƙe tsaye har ta yi fatali da ƙwaryar fura. Gero ɗaya, gonaki uku, shekaru daban-daban! Inji zai iya kuskure, amma ba zai yi ta maimaita shi a harafi ɗaya cikin samfuri huɗu ba.

Washegari ta zaga ƙauyukan. Gwaggo Rekiya sai da ta sa ta rantse ba sayarwa za ta yi ba.

Aka karanta samfuran. Hafiza ta tsamo haruffan da duka huɗun suka yi tarayya a kai, ta haɗa sabon jeri, ta ba manhajar, ta sake kunna ta. Makin ya tashi. Wurare ɗari uku da 'yan kai inda geron Inna ya bambanta da na kasuwa suka fito tar a fuskar kwamfuta.

"Malam! Malam, zo ka gani!"

Malam Abdullatif, shugaban ɗakin, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. "Ikon Allah. Sa shi a jerin rumbun tun kafin a tafi masallaci."

Ranar da ya zo karɓar irin, Inna Kyauta ta sauke goran ƙarshe da kanta, ta hure tokar, ta auna masa tafi biyu. Ya miƙa hannu, ta janye.

"Tsaya, Malam. Kada ka haɗa shi da na kowa."