Ranar da Gwamna Ya Sa wa Lemu Kanwa

Duk wanda ya ci kasuwar Madarumfa a zamanin da gyaɗa ke tashe ya san Gwamna mai lemu. Gajere ne kakkaura, ga baki, ba a kada shi a gardama ko da shi ne marar gaskiya. Lambunsa na bakin tabki, da itatuwan lemun tsami bakwai da ubansa ya dasa. Kowace ranar kasuwa shi da matarsa Inde sukan matse lemu, su daka citta da masoro, su zuba zuma, ya cika tulu ya naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, ya kafa a gindin tsamiya. Shi dai ba ya salla, gidansu na gargajiya ne, amma in azumi ya zo rabin gari da ruwan tulunsa suke buɗa baki, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi kamar wannan. Shekara ashirin, in an ce ƙishirwa a Madarumfa sai a ce Gwamna.

Kwatsam wata bazara sai Lawali, ɗan maƙwabcinsa mai fatauci a kan keke, ya dawo daga Jibiya da akwatin kwalabe. Wani baƙin ruwa ne a ciki, wai kola, daga Kano aka yo shi. Ana ɓalle murfi sai ya yi fus, kumfa ta taso. Samari suka yi masa caa, kowa ya kurɓa ya saki gyatsa yana duban jama'a, sai ka ce ya ci sarauta. Kasuwa uku a jere tulun Gwamna na komawa gida da rabi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba cinikin ne ya fi damunsa ba, tsoronsa kada a wayi gari a ce ƙishirwa a kira sunan wani.

Sai ya sa Inde ta sayo masa kwalba ɗaya a ɓoye cikin ƙwarya. Ya zaga bayan rumbu ya kurɓa, ya rufe ido yana nazari. Nasa, tsami ne ke gaba, zaƙi na biye, sai yajin citta ya wanke maƙogwaro. Wannan kuwa zaƙi gaba, zaƙi baya, ɗan ɗaci a tsakiya irin na ƙanzo, ga cizon harshe da hawan hanci. Ya yanke hukunci cewa abu biyu kawai aka fi shi, baƙi da kumfa.

Baƙi ba wuya: ya ƙona sikari, ya daka goro ya zuba. Kumfar ce ta tsaya masa a rai, har ya tuna yadda miyar yakuwa ke tasowa in Inde ta jefa mata kanwa. Ya ɗebo kanwa ya jefa a ruwan lemu, ai kuwa sai ga kumfa har bakin ƙwarya. Gwamna ya yi tsalle.

Inde ta ce, "Maigida, kanwa kashe tsami takai, kuma ka san aikinta ga ciki."

Ya ce, "Ke dai zura ido. Kanawa ba su hi mu kai ba."

Ranar kasuwa ya ɗura haɗinsa a goruna, ya toshe kowanne da totuwar masara don kada kumfa ta gudu. Rana na dukansu sai totuwa ta fara tashi, fau, fau, ɗaya har cikin faifan mai soyayyen kifi. Jama'a suka taru ana dariya, kowa na miƙo hannu. To, ɗanɗano fa? Ba tsami, ba zaƙi, sai wani bauri mai santsi. Masu kunya suka haɗiye, marasa kunya suka tofar. Waɗanda suka yi zarin ludayi biyu kuwa, kafin azahar an gan su suna bin hanyar bayan gari da sauri, ba mai gaida wani. Gwamna ya zauna ya sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki sun rufe shi.

Ana cikin haka sai ga Lawali ya iso daga Jibiya, gumi sharkaf, akwati cike a bayan keke. Bai ko kwance kaya ba ya durƙusa a gindin tsamiya ya ce, "Baba, a taimake ni da ludayi biyu." Gwamna ya zuba masa baƙin. Kurɓa ɗaya ya yi ya furzar.

"Baba, mi ya samu lemunmu?"

"Kai da ke da na Kano, mi za ka yi da nawa?"

Lawali ya ce, "Haba Baba! Wanga ai na marmari ne, saida shi nikai. In na sha shi bisa hanya, ƙishirwa ƙaruwa takai. Tun daga Jibiya tulunka nike tunani, shi ke tura mini keken nan."

Daɗi ya kama Gwamna har idonsa ya kawo ruwa, sai kuma ya tuna ba shi da ko ɗigon na gaskiya da zai ba shi. Nan Inde ta janye zanen da ta rufe wani ƙaramin tulu a bayanta, ƙamshin citta ya bugi hancin kowa.

Ta ce, "Shekara ashirin ina matsar lemu, ka ce ban san ranar ƙishirwa ba?"

Gwamna bai yi gardama ba, abin da ba a taɓa gani ba. Ya karɓi ludayi ya cika. Lawali ya shanye uku a jere bai ɗaga kai ba, kwalabensa na can jingine a rana.